Ranar da Kawu Ya Gudu a Majigi

Shekara huɗu na yi ina bakin majigi a ƙasar Kazaure, dab da tafiyar Turawa. Wanda bai ga lokacin ba sai an yi masa bayani. Mota ce take yawo gari-gari da injin wuta da wani farin ƙyalle. Da an idar da magariba sai a kafa ƙyallen a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a haska hotuna masu motsi. Hotunan ba sa magana, saboda haka sai an sami mai riƙe lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani. Aikina ke nan. Ana ba ni takarda da bayanin da zan karanta, amma ban cika kallonta ba. Tun da wuri na gano cewa in na karanta takarda hamma mutane suke yi, in kuwa na sako nawa har da masu faɗuwa ƙasa. Shekarata ashirin da shida, ga baki Allah ya ba ni, kuma ba abin da nake so a duniya irin in ji fili guda ya fashe da dariya saboda ni.

Kawuna, wan mahaifiyata, ba ya cikin masu dariyar. Tsohon magatakardan hakimi ne a Roni, dogo, siriri, harshensa kamar aska. Aku yake kirana. In na je gaishe shi a zaure, na durƙusa gaban dattawa, sai ya ce, "Ga akun Bature ya iso, a watsa masa gero." Dattawa su yi murmushi, ni ma in yi. Na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Shi wannan Kawu ya rubuta littafi. Labarin almara ne na wani jarumi da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da rundunar aljanu masu zama a ƙarƙashin duwatsun Roni. An buga shi, ana karanta shi a ajin manya masu koyon boko, kuma gaskiya mutane sun so shi. Yaƙi uku ne a ciki. Biyu jarumin ya yi su yana saurayi, ya ci nasara. Na uku ya yi shi da furfura, aljanu suka fi ƙarfinsa, mutanensa suka ƙare, shi kuwa ya sauka daga doki ya shimfiɗa buzunsa ya zauna har suka iso kansa. A nan littafin ya ƙare.

Akwai dalilin da ya sa Kawu ya rubuta ƙarshen haka, kuma duk Roni an san dalilin. Kafin zuwan Turawa an taɓa kawo hari daga arewa, mazan gari suka fita tarar maharan. A al'adar gidajenmu, idan yaƙi ya ɓaci namiji ba ya juya baya. Buzunsa na salla yake shimfiɗawa, ya zauna a kai, ya fuskanci gabas, ya jira abin da Allah ya rubuta. Da yawa sun yi haka a ranar, a zaune aka same su. Kakana kuwa, mahaifin Kawu da mahaifiyata, a guje ya dawo gida, ba rawani, buzunsa a naɗe a hammata. Ba mai faɗa mana a ido. Amma in yaron gidanmu ya ci tsere, sai ka ga manya sun kalli juna. Kawu ya yi shekara sittin yana haɗiye wannan kallo. Da littafin nan ya fara samun sauƙi, don mutane sun soma cewa gidan da aka rubuta wannan zama, ai sun san darajarsa. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, ya mutu ba a yi wa jikokinsa wannan kallon ba.

Ana nan sai ga wani Bature mai ɗaukar fim, da akwatin hotonsa mai ƙafa uku. Ya ji labarin littafin, yana so ya mai da shi majigi. Aka haɗa shi da ni in yi masa tafinta. Kawu ya yarda bisa sharaɗi ɗaya, wato shi da kansa zai fito a matsayin jarumin a yaƙi na uku. Ya ce yaran yanzu ko shimfiɗa buzu ba su iya ba, kamar masu shanya ƙanzo suke yi.

Na ga yadda aka yi da yaƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau ina da ra'ayina a kan kowanne.

A littafi, yaƙin farko a tafki aka yi shi. Aljanu sun zo a kan kadoji, jarumin ya tsaya a ruwa iya ƙirji kwana uku yana sara. A fim kuwa, jakuna aka samo a kasuwar Babura, aka ɗaura musu tabarmi a baya, aka zana musu haƙora da farar ƙasa. Wani ɗan dambe ya zama jarumin, aka yi abin a wani kududdufi da ruwansa bai kai gwiwa ba. Ɗaya daga cikin kadojin ma tsayawa ya yi shan ruwa a tsakiyar yaƙi, aljanin da ke kansa yana ta dukansa da dunduniya. Kawu ya yi ta tsaki. Ni ban ga laifin Bature ba a nan. Wa zai ɗaura wa kada sirdi? Kuma da ya taƙaita kwana uku suka koma gwargwadon shan fura, taimakon labarin ya yi. Kawu kowane rauni sai ya ƙirga shi, ya faɗi tsawonsa da zurfinsa, har ka ji kamar kana zaune a gaban wanzami.

Yaƙi na biyu shi ne mafi daɗi a littafin. Tsuntsaye ne masu bakin ƙarfe suke haɗiye kibau tun a sama, jarumin ya rasa yadda zai yi, sai wata tsohuwa ta sa aka tara barkono a kan dutse aka cinna masa wuta, tsuntsayen suka yi ta faɗowa suna atishawa. Bature ya cire shi gaba ɗaya. A madadinsa ya sa mutanen jarumin suna sharar gari suna gina masai, wai hukuma tana so kowane fim ya koyar da wani abu. Wannan kam sata ce tsagwaronta. Ko tsuntsu ɗaya bai gwada ba, alhali ga angulaye nan birjik a mahauta, kuma da an nemi masu atishawa da an samu har a rasa inda za a sa su. Kawu ya yi kwana biyu bai yi magana da kowa ba. Daga baya ya haƙura, ya ce mini, "Su gina masansu. Muddin za a ga zaman nan, sauran duk ado ne."

Shi kuwa Bature zaman ne ba ya so. Ya ce mini in jarumi ya zauna a tsakiyar yaƙi bai motsa ba, masu kallo za su ɗauka inji ne ya lalace. Kuma wane darasi ke cikin mutum ya zauna a kashe shi? Shi abin da ya shirya, tsohon ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ruga gari ya kira jama'a, su fito da fartanyoyi su kori aljanu, a koyi amfanin haɗa kai. Har ga Allah ba da mugunta ya shirya haka ba. Bai san komai ba game da kakana. Ni na sani, kuma ban gaya masa ba.

Ranar ɗauka muka hau wani dutse a bayan Roni da hantsi. Kawu ya sa tsohuwar rigarsa ta saƙi, ya naɗa rawani, ya zo da buzun gidanmu. Ya sauka daga doki a hankali, ya karkaɗe buzun sau ɗaya, ya shimfiɗa, ya cire takalmi ya ajiye a gefe, ya zauna ya miƙe baya. Fuskarsa ta canja. Masu wasan aljanu, da fuskokinsu shafe da toka, suka daina surutu. Ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. Da aka jima Bature ya ɗaga hannu, Kawu ya ɗauka an gama, ya tashi ya sa takalmi, ya naɗe buzun ya saƙale a hammata, yadda kowa yake yi in ya idar da salla. Akwatin hoto bai daina juyawa ba.

Sai Bature ya ce da ni, "Gaya masa ya gangara a guje, zai je gari neman taimako."

Na san in na faɗi haka, Kawu zai hau dokinsa ya tafi gida, fim ya lalace, a ce tafinta ne bai iya aiki ba. Na juya na ce, "Kawu, wai a ɗan ƙara wani wuri. Ka ruga nan gangare, ka auka wa aljanu."

"Babu wannan a littafi."

"Kafin zaman za a sa shi, Kawu. Don a ga ka yi iya yinka."

"Da buzu a hammata?"

"Ai da shi za ka je fagen."

Ya dube ni, ya dubi gangaren da babu kowa a cikinsa, ya ce, "To ina aljanun?" Na ce daga baya za a zuba su. Ya gyaɗa kai. Shi a saninsa hoto shaida ne, abin da ya faru yake ɗauka, yadda ya faru, mai auka wa abokan gaba ba zai koma mai tserewa ba. Bai san ana yanka zaren fim da almakashi a liƙa shi yadda aka ga dama ba. Tsoho ɗan shekara sittin da wani abu ya tattare riga ya ruga da iyakar ƙarfinsa, don kada a ce ya yi sanyi wajen tarar abokan gaba. Rawaninsa ya warware ya faɗi. Bature ya yi ta murna, ya ce wannan ya fi abin da ya nema.

Bayan wata biyar fim ya dawo, aka ce a fara nunawa a Roni. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gaba, Kawu a tsakiyarsu da sabuwar riga. Jakuna suka fito, na yi musu kirari, aka sha dariya. Aka yi shara aka gina masai, na ce aljanu ma sun gudu don wari, aka ƙara shan dariya. Sai ga Kawu a ƙyalle, ya fi girman ɗaki, yana shimfiɗa buzu. Fili ya yi tsit. Na ji wani dattijo yana salati a hankali. Aka nuno aljanu suna tahowa, aka nuno fuskar Kawu. Daga nan sai ya tashi, ya sa takalmi, ya naɗe buzu, ya saƙale a hammata, ya zura da gudu, rawani ya faɗi.

Ba wanda ya yi motsi. Kowa a filin nan ya san abin da yake gani, don da labarin gudun kakana aka yaye shi. A takardar da ke hannuna an rubuta: ga shi ya tafi kiran jama'a. Da na karanta wannan da ƙarfi, na maimaita, wataƙila da an bi ni a haka. Amma sai na ji wani ya ɗan tuntsire a baya, na ga kawunan mutane sun fara juyowa wajen mota inda nake tsaye. Ni ma jikan wanda ya gudo ranar harin nan ne. Tsoro ya kama ni kada dariyar ta faɗo a kaina, ga kuma tsohon haushin aku da gero. Na kai lasifika baki na ce:

"To jama'a, kun ga gado. Wani gona ya gada, wani shanu ya gada, dattijo kuwa sauri ya gada!"

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Mata daga bayan zana har da guɗa. Samari suna dukan ƙasa. Dattawan da ke gefen Kawu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ba wanda ya kalli ƙarshen fim ɗin, fartanyoyi da haɗa kai duk a banza suka wuce. Kawu bai tashi ba har aka kashe inji. Kuma ni, a wannan lokacin, daɗi na ji. Daɗi sosai.

Washegari da safe ina karyawa a masaukinmu aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Kawu a tsaye a rana. Bai taɓa zuwa inda nake ba, ni nake zuwa inda yake. Na durƙusa, na shirya shan zagi. Bai zage ni ba. Bai ma ce aku ba.

"Malam," in ji shi, "ina za ku kai shi nan gaba?"

"Babura, Kawu. Sannan Gwiwa."

"Babura ba ni da kowa. Gwiwa kuwa ka san 'yar'uwarka tana aure a can, da 'ya'yanta maza uku. Surukaina mutanen kirki ne, ba su taɓa ɗaga mini maganar nan ba." Ya gyara riga. "Ban ce a fasa nunawa ba, na san ba ikonka ba ne. An ce akwai takardar da Baturen ya rubuta. Ita nake roƙo ka karanta. Abin da ke ciki kawai."

Na ce, "Wallahi Kawu ita zan karanta."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya juya ya tafi. Na ji kunya ƙwarai, har na kasa ƙarasa kokona.

Kunyar ba ta kai Babura ba. Can na ce ai shi da kansa ya ce ba shi da kowa a nan, saboda haka na sake faɗa, har na ƙara gishiri. Na ce a lura da yadda ya tsaya sa takalmi, gudu na gado ba a yinsa da garaje. Ranar kasuwa ce, fatake sun cika gari, har da na ƙetaren iyaka. Kafin motarmu ta kai Gwiwa, maganar ta riga mu isa a kan jakuna.

A Gwiwa tun muna kafa ƙyalle ake tambayata ko yau akwai na gadon. Na yi kamar ban ji ba. Da duhu ya fara sai na hango Kawu. Tafiyar yini ya yi a kan jaki. Ya zauna a gefe tare da surukinsa, jikokinsa uku a gabansa, ya dafa kan ƙaramin. Ya zo ne su ji daga lasifikar hukuma cewa kakansu kiran jama'a ya tafi.

Da aka iso wurin, na ɗaga takarda na karanta. "Ga shi ya tafi kiran jama'a." Na maimaita. Na cika alkawari, kuma da a nan na tsaya da yau ba na wannan rubutu.

Sai fili ya ɗauki ihu. "Ba haka ba ne! Malam, faɗi na gadon!" Wani ya ce an canja mai magana, wannan ba shi ne na Babura ba. Wani ya ce yau bakin ya mutu, a ba shi ruwa. Suka fara yi mini eho, ni da ban taɓa jin eho ba tun da na riƙe lasifika. Kawu yana gudu a ƙyalle, saura kaɗan wurin ya wuce. Ƙirga goma kawai ake bukata in yi da bakina a rufe. Ban iya ba. Na faɗa, da na gonar da na shanun da na takalmin, duka. Dariya ta tashi, na ji sanyi a raina kamar wanda aka sauke wa kaya. Na ga babban jikan, wanda ya isa ya gane, ya zame daga gaban kakansa ya koma cikin mutane.

Da aka watse muna naɗe waya ni da direba, Kawu ya zo ya tsaya a bakin mota, yana riƙe da igiyar jakinsa. Direba ya ga haka ya ba mu wuri. Na durƙusa, ban iya ɗaga kai ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji shi. "An ce mini hoton nan ana yanka shi a liƙa, a sa na baya a gaba. Haka ne?"

"Haka ne, Kawu."

"Ranar da ka ce in ruga, ka san inda za a liƙa shi?"

Na so in ce ban sani ba. Na ce, "Na sani."

Da ya yi magana, muryarsa ba faɗa a cikinta, kamar mai karanta wasiƙar hakimi.

"Ni ban ci komai ba a gudun da kakanka ya yi. Da ya zauna a kan buzunsa, da ni ɗan shahidi ne, don an riga an haife ni, ina da shekara biyar. Uwarka ce aka haifa bayan ya dawo, da shekara biyu. Shekara sittin ina biya wa mutumin nan, kuma ban taɓa gaya mata haka ba, don kada ta ji nauyin ranta. Kai ma kada ka gaya mata."

Ya ja jakinsa. Surukinsa ya biyo shi yana roƙo ya kwana, ya ce a'a, zai sauka a ƙauyen gaba. Bai shiga ya yi sallama da 'yarsa ba.